BABI NA HUƊU: TASIRIN RAYUWAR MARUBUCI A CIKIN LABARIN JARUMTAKA NA MATASA: NAZARIN LITTAFIN MS. MARVEL: NO NORMAL

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin labaran jarumai masu ƙarfin al'ajabi a ƙasar Amurka, wato irin jaruman nan da ake ba su wata baiwa wadda ta wuce ta ɗan'adam, kamar tashi sama ko ɗaga abin da mutum ɗari ba za su iya ɗagawa ba. A wannan babi kuma za a ɗauki littafi ɗaya daga cikin irin waɗannan labarai da aka rubuta domin matasa, a duba yadda marubutansa suka yi amfani da abubuwan da suka gani a rayuwarsu wajen gina shi. Littafin da aka zaɓa shi ne Ms. Marvel: No Normal, wanda labari ne cikin zane-zane da kamfanin Marvel ya buga a shekarar 2014.

Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin mene ne amfanin rayuwar marubuci a cikin labarin da kowa ya san ba zai taɓa faruwa ba? Abin da za a nuna shi ne, ƙarfin wannan littafi yana wuraren da aka sarrafa abin da marubutan suka ɗanɗana har ya zama ƙashin bayan labari, rauninsa kuma yana wuraren da aka bar rayuwa aka koma ga kwaikwayon abin da aka saba gani a irin waɗannan littattafai.

4.1 Shimfiɗa

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga jarumin da ƙarfinsa ya wuce misali, domin ya san Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Sai dai jarumin labaran Amurka ya sha bamban da waɗannan ta fuska ɗaya, wato shi yana da kamanni biyu. Akwai suna da tufafin da yake fita da su aikin ceto, akwai kuma suna da tufafin da yake zama da su cikin mutane ba tare da an gane shi ba. Wannan rabuwa gida biyu ita ce ƙofar da marubuta suke bi su shigar da rayuwarsu.

An fara ganin haka tun daga Superman, wanda ya fito a 1938. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, samari ne 'ya'yan Yahudawa baƙin haure da suka haɗu a birnin Cleveland, kuma jarumin da suka samar shi ma baƙo ne da ya zo daga wata duniya yana ɓoye asalinsa. A 1962 kuma Stan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man, inda suka mayar da jarumin ɗan makaranta, maraya, mai fama da rashin kuɗi da tsangwamar 'yan ajinsu. Daga nan ne matashi ya tashi daga matsayin yaron jarumi ya zama shi ne jarumin da kansa. A kan wannan turba aka gina tauraruwar littafin da ake nazari.

4.2 Marubutan Littafin

Ba mutum ɗaya ne ya samar da wannan labari ba. Asalinsa hira ce tsakanin editoci biyu na kamfanin Marvel, wato Sana Amanat da Stephen Wacker. Sana Amanat 'yar asalin Pakistan ce da ta tashi a jihar New Jersey ta Amurka, ta kuma fara aiki da Marvel a 2009. Labaran ƙuruciyarta da take ba abokin aikinta, na yadda yarinya Musulma take tasowa a cikin waɗanda ba Musulmi ba, su ne suka jawo tunanin a ƙirƙiro jaruma mai irin wannan rayuwa.

Wadda aka ba aikin rubutawa ita ce G. Willow Wilson, Ba'amurkiya farar fata da aka haifa a New Jersey a 1982. Ba a gidan Musulunci ta tashi ba. Da girmanta ta musulunta, ta zauna a birnin Alƙahira inda ta yi koyarwa, ta kuma auri Bamisire. Ta ba da labarin wannan yanki na rayuwarta a littafinta The Butterfly Mosque na 2010. Mai zanen littafin kuwa shi ne Adrian Alphona, ɗan ƙasar Kanada, sannan Jamie McKelvie ya tsara kayan jarumar.

Abin lura a nan shi ne, tauraruwar ba hoton ɗaya daga cikin matan nan biyu ba ce. Sana Amanat ta san zaman gidan Pakistan a Amurka daga ciki, amma ba ita ta rubuta kalmomin ba. Wilson ta san addinin, ta kuma san zafin zama tsakanin al'adu biyu, amma ba 'yar Pakistan ba ce. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haɗuwar rayuwa biyu ita ta hana labarin zama tarihin rayuwar mutum ɗaya da aka lulluɓe da rigar jarumtaka.

4.3 Taƙaitaccen Labarin

Littafin ya ƙunshi fitowa biyar na farko na jerin Ms. Marvel, waɗanda aka fara bugawa a watan Fabrairu na 2014. Babbar tauraruwa ita ce Kamala Khan, yarinya 'yar shekara 16 da ke zaune a Jersey City tare da iyayenta, waɗanda take kira Abu da Ammi, da yayanta Aamir. Kamala masoyiyar jarumai ce, musamman Carol Danvers, wata jaruma farar fata mai farin gashi wadda ta yi amfani da sunan Ms. Marvel tun 1977 kafin ta koma Captain Marvel a 2012. Har ƙagaggun labarai Kamala take rubutawa game da waɗannan jarumai tana sakawa a intanet.

Wata rana ta nemi izinin mahaifinta ta je wata liyafar 'yan makaranta a bakin ruwa, ya hana ta. Da dare sai ta sulale ta taga. A wurin liyafar aka yi mata ba'a, aka kuma yaudare ta da lemo mai haɗe da barasa, ta tofar ta tafi cikin fushi. A hanya wani hazo ya lulluɓe garin, ta suma, ta ga jaruman da take so sun bayyana gare ta, ta faɗa musu burinta na zama kamar Carol Danvers. Da ta farfaɗo sai ta tarar ta rikiɗe ta zama ita ɗin. Daga nan ta gane cewa tana iya miƙa gaɓoɓinta, ta ƙara girma ko ta ƙanƙance, ta kuma sauya kama. Sauran labarin ya bi yadda ta ceci Zoe daga nutsewa a ruwa, da yadda aka harbe ta a kantin da abokinta Bruno yake aiki, da yadda ta ceto Vick, ɗan'uwan Bruno, daga hannun yaran wani mugu da ake kira Inventor.

4.4 Jigo da Warwararsa

Babban jigon littafin shi ne neman sanin kai. Ƙananan jigogi kuwa sun haɗa da dangantakar iyaye da 'ya'ya, da zumuncin abokai, da taimakon wanda ya shiga wani hali. Za a duba hanyoyi uku da aka bi aka warware babban jigon.

4.4.1 Ƙananan Abubuwan Yau da Kullum

Ba da faɗa aka buɗe labarin ba, ba kuma da wani bala'i ba. An buɗe shi ne da Kamala a cikin kanti ta sunkuya tana shaƙar ƙamshin burodin da aka sa wa naman alade, alhali ta san ba za ta ci ba. A wannan shafi ɗaya an nuna yarinya mai riƙe da dokar addininta, amma zuciyarta na son sanin abin da sauran yara suke ji. Ba a yi bayani ba, ba a yi wa'azi ba. Irin wannan hoto sai wanda ya zauna cikin halin ko ya ji daga bakin mai shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marubucin da yake hange daga nesa zai fi karkata ga manyan batutuwan da ake ji a labaran rediyo da talabijin game da Musulmi. Shi kuwa wannan littafi bai ɗora rikicinsa a kan ta'addanci ba, kuma mugun cikinsa ba shi da wata alaƙa da addini.

Haka kuma a shafukan farko an kawo Zoe tana tambayar Nakia, ƙawar Kamala 'yar asalin Turkiyya, ko tilasta mata aka yi ta sa ɗankwalin hijabi. Cikin fara'a da nuna tausayi ta yi tambayar, amma akwai raini a ƙarƙashinta. Amsar Nakia ta juya zancen, domin ta nuna cewa mahaifinta ma so yake ta cire, ita ce ta zaɓi ta sa. Irin wannan cin fuska da ake yi cikin murmushi ya fi zagi na fili wuyar kamawa a rubuce, kuma kama shi da aka yi alama ce ta cewa an san shi.

4.4.2 Baiwar Jarumar

Nan ne gwanintar littafin ta fi fitowa. Yarinyar da take jin cewa jikinta da sunanta da abincin gidansu sun sa ta zama bare, ita aka ba ikon sauya kama. Wato baiwar da aka ba ta amsa ce ga ciwon da ke ranta, kuma amsar ta zo mata da jarrabawa. Da ta sami abin da ta roƙa, sai ta ga ba daɗi. Dogayen takalman Carol Danvers suna matsa mata ƙafa, rigar ta takura ta, gashin yana rufe mata fuska. A nan karin maganar nan ta zanen aro ba ya rufe katara ta tabbata a zahiri.

Bugu da ƙari, an sanya wa baiwar wata ƙa'ida. Lokacin da aka harbi Kamala tana cikin siffar Carol Danvers, raunin bai warke ba sai da ta koma siffarta ta ainihi. Ke nan ba za ta sami waraka ba matuƙar tana cikin jikin wata. Da a ce marubuciyar ta sa wani dattijo ya zaunar da Kamala ya ce mata ta yarda da kanta, da zancen ya zama nasiha irin wadda matashi yake ji ta kunnen dama ta fita ta hagu. Maimakon haka sai aka mayar da darasin ya zama dokar labarin, wadda ran tauraruwar ya rataya a kanta.

Kayan da ta ƙare da su ma sun bi wannan hanya. Daga rigar ninƙaya mai rufe jiki, wadda ake kira burkini, da mahaifiyarta ta saya mata, ta haɗa kayan jarumtakarta. Abin da a da take jin kunyar sawa shi ne ya zama tambarinta.

4.4.3 Addini da Iyaye

A daren da Zoe ta faɗa ruwa, abin da ya zo wa Kamala a rai shi ne ayar nan ta 32 a Suratul Ma'ida da mahaifinta yake yawan ambata, wadda take nuna girman ceton rai ɗaya. Wannan yana da muhimmanci ta fuskar ginin labari. Ikon da ta samu daga hazo ya zo, amma dalilin yin amfani da shi daga tarbiyyar gida ya fito. Kuma wadda ta ceta ita ce yarinyar da ta gama yi mata ba'a. Saboda haka ba a nuna addini a matsayin sarƙar da jarumar za ta tsinke kafin ta zama wani abu ba.

Duk da haka ba a ɓoye saɓani ba. A masallaci an nuna Kamala tana tambayar Sheikh Abdullah dalilin shingen da aka sa tsakanin maza da mata, wanda yake hana su ganin mai karatu. A gida kuma ga faɗan iyaye kullum. To amma a fitowa ta biyar, bayan ta sha kaye a yunƙurinta na farko na ceto Vick, mahaifinta ne ya zaunar da ita ya gaya mata asalin sunanta, cewa daga kalmar Larabci mai nufin kamala aka samo shi, kuma sun sa mata shi ne don sun same ta bayan an fid da ran mahaifiyarta za ta sake haihuwa. Bayan wannan lallashi bai janye hukuncinsa ba, sai ma ya ce lallai ta je ta ga malam. Uban da yake da taushi da tsanani a lokaci ɗaya ya fi kama da uban gaske a kan azzalumin uban da aka saba zanawa idan ana maganar gidan Musulmi a labaran Turai da Amurka.

Akwai tambayar da mai nazari ba zai tsallake ba, wato ko littafin yana koya wa matasa saɓa wa iyaye, tun da fitar dare ba da izini ba ita ce ta kai Kamala ga samun baiwarta. Amsar ita ce labarin bai wanke ta ba. Liyafar da ta yi wa ƙarya ba ta same ta da komai ba sai wulaƙanci, an hukunta ta a gida, kuma ɓoye sirrinta ga iyayenta ya zame mata nauyi har ƙarshen littafin. Sai dai gaskiya ne cewa ba a warware matsalar ba. An bar ta a buɗe, kuma mai karatu yana da damar ganin haka a matsayin giɓi.

4.5 Raunin Littafin

Rauni na farko shi ne ɓangaren mugu. Duk inda labarin ya bar gida da kanti da masallaci ya koma fagen faɗa, sai ya zama kamar kowane labari. Yaran Inventor da na'urorinsu ba su da wani abin da zai sa a tuna da su, shi kansa Inventor sai a ƙarshe aka nuna shi. Idan aka kwatanta shafin cin abincin dare a gidan su Kamala da shafin faɗa a maɓoyar 'yan daban, za a ga na farko yana da rai, na biyu kuwa cika ƙa'ida ne kawai.

Na biyu, hazon da ya ba Kamala iko ba a bayyana asalinsa a cikin wannan littafi ba. Ya samo tushe ne daga wani labari dabam na kamfanin Marvel da ya fito a 2013. Wanda bai karanta wancan ba zai ga abin ya faɗo ne daga sama. Wannan illa ce ta rubutu a ƙarƙashin kamfani, inda dole marubuci ya ɗaura labarinsa a jikin na wasu.

Na uku, wasu taurarin ba a ba su haƙƙinsu ba. Zoe a nan fuska ɗaya gare ta, wato ta mai raini. Aamir kuma, wanda ya fi kowa riƙon ibada a gidan, an fi amfani da shi wajen ban dariya, ana nuna shi yana doguwar addu'a a kan abinci mahaifinsa na yi masa gorin rashin aikin yi. An faɗaɗa su duka biyu a fitowar da suka biyo baya, amma a wannan littafi ba su cika mutane ba. Wannan yana nuna wani haɗari da ke tattare da rubutu daga rayuwar kai, wato marubuci yakan san zuciyar wanda ya yi kama da shi, ya bar sauran a matsayin yadda ya gan su daga waje.

Na huɗu bai shafi rubutun kai tsaye ba, ya shafi yadda ake karanta shi. Da yake Kamala ita ce Musulma ta farko da Marvel ya ba jerin littafi nata na kanta, an ɗora mata nauyin wakiltar Musulmi baki ɗaya. Alhali gida ɗaya aka zana, na 'yan Pakistan masu rufin asiri a gari ɗaya na Amurka. Marubutan sun rage wannan nauyi ta hanyar jera mutane huɗu ko biyar masu riƙon addini iri dabam-dabam, amma ba su kawar da shi ba, kuma ba za su iya ba.

4.6 Karɓuwar Littafin da Abin da ya Biyo Baya

Littafin ya sami kyautar Hugo ta 2015 a rukunin labarin zane. A 2016 Sana Amanat ta miƙa wa shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, kwafinsa a fadar White House. Wilson ta ci gaba da rubuta jerin har zuwa 2019, sannan Saladin Ahmed ya karɓa. A 2022 aka mayar da labarin wasan talabijin a Disney+, inda Iman Vellani, wadda aka haifa a Karachi ta tashi a Kanada, ta fito a matsayin Kamala.

Wasan talabijin ɗin ya zama ma'auni ga abin da aka faɗa a sama. A cikinsa an sauya baiwar Kamala, aka mayar da ita wani haske da take sarrafawa bayan ta sa wani awarwaro na gado, aka kuma shigo da tarihin raba Indiya da Pakistan na 1947. Ta fuskar tarihin iyali an sami ƙari. Amma an rasa wancan hoto na yarinya baƙar gashi da ta farka a jikin farar mace ta ga bai yi mata ba, wanda shi ne zuciyar littafin.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an duba yadda rayuwar Sana Amanat da ta G. Willow Wilson suka yi tasiri a littafin Ms. Marvel: No Normal. An ga cewa tasirin ya bayyana a ƙananan abubuwan yau da kullum, da irin baiwar da aka zaɓa wa tauraruwa, da yadda aka zana iyaye da addini. An kuma ga cewa inda aka rabu da wannan tushe, kamar wajen ginin mugu da wasu ƙananan taurari, labarin ya yi rauni.

Abin da za a iya fitarwa shi ne, marubucin labarin jarumtaka na matasa ba ya buƙatar ya kwashe tarihinsa ya zuba a takarda. Abin da yake buƙata shi ne ya gano ciwon da ya sani da gaske, sannan ya nemo baiwa da ƙa'ida da abokin gaba waɗanda za su tilasta wa tauraronsa fuskantar wannan ciwo. Marubutan wannan littafi sun yi nasara a biyun farko, ba su kai ga na ukun ba. A babi na gaba za a duba salo da sarrafa harshe, musamman yadda aka cuɗanya Ingilishi da kalmomin Urdu da na Larabci a bakin taurarin.